Wasiƙa Zuwa Dugoi: A Aiko Mini da Lifidi

Unguwar Château Rouge,
Birnin Paris, Faransa.

Zuwa ga bawana, taubashina, sarkin telolin "dawo gobe" na Dugoi, Marwa.

Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma ranar Marwa ba ta ƙarasa gasa ka ba. In ka tambaye ni, alhamdu lillahi, sai sanyi da kuɗin haya.

Ka nemi wuri ka zauna, don ubangidanka ya samu ƙarin girma: yanzu ni ne telan aljanu. Ka san dai shagon da nake, shadda da atamfa muke ɗinka wa 'yan Mali da Senegal. To, wata rana sai ga wani saurayi, zabgege, har da gemu, ya miƙo mini waya da hoton wani ɗan katun mai gashi ruwan ƙwai a tsaitsaye, ya ce haka yake so ya koma. Na tambaya ko a gida an sani. Ya ce ai matarsa ma tana neman mai yi mata fukafukai.

Abin sunansa kosfile. Mutum da hankalinsa zai zaɓi wani gwarzo na littattafan zane na Japan, ko na fim, ko na wasan kwamfuta, irin su Naruto da Goku, ya yi shigarsa tun daga gashi har takalmi. Babban taronsu a nan shi ne Japan Expo, duk watan Yuli a Villepinte, bayan gari. Ranar ka shiga jirgin ƙasa na RER B, za ka tarar da dodo mai ƙaho ya tashi ya ba tsohuwa kujera, wani kuma ya rungume takobin da ya fi shi tsawo yana cin burodi. Har gasar duniya suke yi a birnin Nagoya na Japan tun 2003.

Kada ka yi dariya, aiki ne na gaske. Mai shiga gasa dole da hannunsa zai haɗa kayansa, shi ya sa suke zuwa in koya musu keke, su kuma su koya mini nasu sirrin. Alƙalan gasa har juya riga suke yi su duba cikin ɗinki. Da a ce kaftanin da ka yi wa Baffa bara ya faɗa hannunsu, da sai an kira 'yan sanda.

Ga yadda ake sulke a nan. Za a naɗe mutum da leda, a bi da salatif har ya kasa numfashi sosai, a zana fasalin sulken a jikinsa, sannan a tsaga da almakashi a ciro shi. Wannan ɓawon shi ne ma'auni. Sai a shimfiɗa shi a kan wata roba mai laushi, irin ta gindin silifas, a yanka da reza, a hura mata wuta da wata bindigar iska mai zafi har ta yi laushi, a lanƙwasa ta a kan gwiwa, a manne da gam, a yi fenti. Wallahi in ka gani daga nesa sai ka rantse daga maƙera ya fito, amma yaro ɗan yaye zai ɗaga shi da hannu ɗaya. Yadi kuwa a kasuwar Saint-Pierre nake saye, gindin tudun Montmartre. Ba zan faɗa maka farashi ba. Ka dai tuna yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, ka yi wa zuciyarka adalci.

Yanzu ga inda maganar take. Rannan na nuna wa 'yan kosfile hoton hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo: mahaya cikin lifidi da sulke da kwalkwali mai gashin jimina, dawakai sun sha ado har ƙasa. Shago ya yi tsit. Wata ta tambaye ni wane fim ne wannan. Na ce fim ɗin da ake nunawa duk Sallah a garinmu, kyauta, kuma dokin na gaske ne, yana harbi. Su da suke kwana suna wahala roba ta yi kama da fata, mu ga majema da dukawa a bayan gida muna yi musu kallon banza. Don haka na yanke shawara: Yulin baɗi, in Allah ya kai mu, a barden Lamiɗo zan fito.

Ga saƙona, ka buɗe kunne. Ka je wurin dukawan Artizana ka sayo jar fata mai laushi, ba irin wadda ake kai wa baƙi ba, da layun ado da tuntaye. Ranar Litinin ka shiga babbar kasuwa ka nemo malafa masu faɗi, don akwai wani ɗan katun, Luffy, da ba ya rabuwa da malafa, mabiyansa kuma ba su san ciniki ba. Sannan ka sami tsohon da ya iya ɗinkin lifidi, ka zauna gabansa da ladabi, ka ɗauko mini a waya yadda yake dama auduga tsakanin yadi da yadda yake jera layin ɗinki. Takobi kada ka wahala, ba a barin ƙarfe ya wuce ƙofar taron, na roba zan yi. Doki ma na haƙura, tikitin jirgin bai haɗa da shi ba. Amma in ka samu biza, lifidin zai yi maka daidai, kuma na san bayanka da ƙwari.

Kada Inna ta ji wannan zance. In ta tambaya, ka ce ina ɗinka wa manyan sojoji kaya, ba ka yi ƙarya ba. Ka gaishe ta, ka gaishe da Baffa da Goggo da mutanen majalisar gindin dalbejiya. Kilishi kuma ka sa a kunshi daban, kada ya sha warin fata.

Kuɗin shararka na bana yana hannuna. Ranar da kaya suka iso, ranar zai tashi. In ka ce mini "gobe", ni ma goben ce.

Naka, ubangidanka har abada,
Telan Aljanu.