Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya 'Yar Kwatano

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, in ma kin tashi ɗin, don kowa ya san halinki da sanyin safiya: sai an tara yaran unguwa sun tura ki kafin ki yi tari ki amsa.

Na rubuto ne in gode miki a madadin jama'a, in kuma kawo ƙararki wurinki a madadin aljihunmu.

Kin ci ƙuruciyarki a titunan Beljiyam da Jamus. Da Bature ya ga tsufa ya kama ki, sai ya loda ki a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Tun farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma yadda kika iso Kano, wannan sirri ne tsakaninki da dillali. A can bazawara ce ke, a nan kuwa amarya, har da walima da 'yan Allah-sanya-alheri.

Godiya tukuna. Ke kike kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. 'Yan'uwanki manya ke sauke tumatirin Kadawa a Legas kafin ya ruɓe. Bakanike a inuwarki yake ci, haka mai faci, mai walda, mai fenti da mai wankin mota. 'Yan Ƙofar Ruwa da 'yan Panteka da kayan cikinki suke aurar da 'ya'ya. Ɗan kamasho na jiranki a tasha, ɗan bumburutu na jiranki da galan, masu kaki kuma na jiranki a shingen hanya, suna tambayar takardun da ke kanki ba ki taɓa jin labarinsu ba. Kina ciyar da gari guda, Hajiya. Sai dai da kuɗin mai ke kike wannan alherin.

Yau fulogi, gobe lagireto, jibi salansa ta faɗi a tsakiyar titi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haye 1,000. Ga Alhaji da babbar riga a cikin A Daidaita Sahu, makullinki na lilo a yatsarsa don kada a ɗauka ba shi da mota, ke kuma kina gida lulluɓe da tamfol.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarihi. Kakarki Fijo 504 a Kaduna ake haɗa ta, a kamfanin da ya fara aiki a 1975. Bauci na haɗa Steyr, Kano na haɗa manyan motocin Fiat. A lokacin, albashin ƙera mota a gida ake cinsa. Yanzu wasu sun ci kuɗin ƙira, mu an bar mu da kuɗin jinya.

Roƙona biyu ne. In za ki mutu, ki daure ki mutu kusa da gareji, ba a dajin Falgore ba. In kuma kin koma ga 'yan jari-bola an narkar da ke, ki roƙi Allah a sake ƙera ki a Kakuri ta Kaduna, ko yaranmu sa samu aikin da ya wuce turi.

Ki huta lafiya.

Naki har kullum,
Mai biyan kuɗin fakin ɗinki