Fatalwar Lofen Kaka

A ƙasan adakar kakana na tsince shi, naɗe cikin tsohuwar hular soja. Marigayin yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Ya dawo gida da lambar yabo ɗaya, da tari, da wannan lofe da wani hafsan Bature ya bar masa. Wato tun kafin ya zo hannun Kaka ma gwanjo ne. Ni ba na shan taba. So nake kawai in ɗora shi a kan kanta a falo, baƙi su riƙa tambaya ina ba da tarihi. Amma warin! Ko bunsuru ya shaƙa sai ya nemi tsari.

Na faki idon uwargida, na ɗauki tukunyar shayi, na jefa shi ya tafasa, don a sanina ba dattin da ke gagarar ruwan zafi. Da na tsamo shi, bakin nan baƙi wuluk ya koma kore-kore kamar kashin agwagwa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ashe roba ce da aka dafa da farar wuta, kuma zafi shi ke taso da farar wutar sama. Ƙoƙon kuwa saiwar wani itace ce mai fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum. Shekara 80 yana jure garwashi, minti 10 a hannuna ya kwaile.

Ɗan ƙanwata ne ya hango wani farin ɗigo a jikin bakin, ya duba waya, ya dafe kai. "Kawu, Dunhill ka dafa! Na Landan! Ka san nawa ake sayen irinsa?" Na ce kada ya faɗa, ina da hawan jini.

Shi ya karanto mini yadda masu abin ke yi. Baƙin ƙanzon da ke cikin ƙoƙon ba a kankare shi duka, ana barin kaurin kwabo don ya kare icen daga wuta. Ni kuwa tuni na bi shi da wuƙa, tas. Hanyar hayaƙin ana zura mata tsinke mai auduga, mutanen da gashin kaza suke sawa. Zakaranmu har yau ba ya gaishe ni. Shi kuwa warin tsohuwar taba da ya kama ice, wai fatalwa Turawa ke ce masa, kuma maganinsa a cika ƙoƙon da gishiri, a ɗiga barasa mai ƙarfi, a bar shi ya kwana.

Na je kemis, na ce da ƙarfi, "Yaro, ba ni barasa, mai ƙarfin!" Sai na ji gyaran murya a bayana. Na'ibin limamin unguwarmu ne, ya zo sayen maganin mura. Na fara bayani, ya ce, "Allah ya shirye mu baki ɗaya, Alhaji," ya fita ko canji bai karɓa ba.

Dabarar dai ta ci. Da safe gishirin ya zuƙe maiƙon, ya yi duhu kamar manda. Na juye a ɗan faranti, na ajiye a tagar kicin don in nuna wa ɗan ƙanwar tawa nasarata, na tafi aiki.

Ranar surukata ta zo, aka yi tuwo da miyar kuka. Loma ɗaya na gane inda fatalwar ta koma. Uwargida ta ce, "Baban Ummi, mandar nan da ka kawo a ina ka sayo ta?" Na sunkuyar da kai ina ƙirga tayil. Surukata kuwa ta tauna, ta yi shiru, sai ga ƙwalla.

"Ikon Allah," ta ce. "Miyar nan ƙamshin rigar mahaifina take yi. In da sauran mandar, a ƙulle mini."