Dusar da Ba Ita Aka Yi Oda Ba

Ranar Talatar nan Allah Ya yi mana yayyafin dusar ƙanƙara a nan Ingila. Kaurinta a kan titi bai kai faɗin yatsa biyu ba, amma ƙasa ta tsaya cak. Tun asuba saƙonni ke shigowa: makarantar yara a rufe, jirgin ƙarfe bakwai an soke shi, na bakwai da rabi wai yana ɗan jinkiri, wato shi ma ya koma barci. Na idar da sallah na sake shigewa bargo ina murmushin da rabona da shi tun ranar ɗaurin aurena. Hutun Kirsimeti ka san da zuwansa tun Janairu, kafin ya iso ka cinye shi da lissafi. Wannan kuwa tsuntsu ne daga sama gasasshe.

Takwas da 'yan mintuna sai ga saƙon oga, cike da tausayi: kowa ya kula da kansa, kada wanda ya fito, sai mun haɗu a Teams ƙarfe tara. Inna lillahi. Tun 2020 da korona ta nuna wa ogogi cewa teburin cin abincinka ma ofis ne, hutun ƙanƙara ya riga mu gidan gaskiya, ko sadakar uku ba a yi masa ba. Haka na zauna sama kwat, ƙasa wandon barci, ina gyaɗa kai, yara suna ihu a bayan gida.

Da a ce zamanin da ne, da an sha shagali. Ranar 2 ga Fabrairun 2009 an janye duk bas-bas ɗin Landan daga titi saboda dusa. A Disambar 2010 filin jirgin sama na Heathrow ya yi kwanaki a durƙushe, fasinjoji suna kwana a ƙasa. A Finland kuwa yaro yana ratsa dusa iya gwiwa ya tafi makaranta, ba wanda ya ce masa sannu.

Amma sarkin uzuri shi ne na Fabrairun 1991. Jiragen ƙasa suka tsaya, aka tambayi wani babba a kamfanin British Rail a rediyo, ya ce matsalar nau'in dusar ce, jaridu kuma suka ƙarasa masa zancen: ba irin wadda ta dace ba ce ta sauko. An shirya wa jiƙaƙƙiya mai nauyi, sai aka aiko busasshiya mai laushi kamar garin tuwo, ta shige injina ta maƙale ƙofofi. Ashe dusar ma akwai ta kamfani akwai jabu. Laifin wa? Ai da tun kaka an cike fom, an rubuta kala da lamba, an buga hatimi an aika sama. Da an kafa kwamiti ya duba samfur kafin a ba ta izinin sauka. Da an adana rasit ma, ai sai a kwashe ta a mayar, a ce a canza. Da kaka kuma ganye ne ke zubowa kan layin dogo ya hana tafiya, a Yulin 2022 zafi ya haura maki 40 ƙarfen ya fara lanƙwashewa. Ni dai har yau ina jiran ganin yanayin da aka ƙera jirgin ƙasan Ingila dominsa.

Su wannan ƙasarsu ce, su suka sani. Namu ne ke ba ni mamaki. Mutum ya rubuta wa oga ƙarfe takwas cewa ko ƙofa ba ya iya buɗewa, ƙarfe goma ga shi a sitatus cikin babbar riga da zanna, takalmi sau-ciki babu safa, yana watsa dusa sama yana cewa "Alhamdulillah, ni'ima." Haƙoransa na kaɗawa, matarsa na riƙe da waya tana cewa ya sake, hular ba ta fito ba. 'Yan uwa a Kano suna fama da hazo da faso suna masa addu'ar Allah Ya kai mu. Bai nuna musu takardar kuɗin gas ba.

A daidai wannan lokacin wata 'yar uwarmu da ke aikin kula da tsofaffi tana takawa a ƙasa cikin santsi, don ba bas, tsohuwar da take wa wanka kuma ba a yi mata ta Teams. In ba ta je ba, babu kuɗin ranar. Ma'aikatan jinya, masu gadi, masu kai kaya gida-gida, da yawansu baƙi irinmu, ba su taɓa ɗanɗana hutun nan da muke kukan an ƙwace mana ba. Wannan ba ya ba ni dariya ko kaɗan.

An ce akwai wata dusar a ƙarshen mako. Alhaji mai babbar riga, tunda ƙofar taka tana buɗuwa, ka tada motar ka rage wa baiwar Allah hanya. Hoton kuma kafin ka ɗora, ka toshe oga tukuna, shi ma yana kallon sitatus.