Wasiƙa Daga Rum: Yaƙin da Aka Naɗe a Jikin Dutse

Zuwa ga Malam Sani, taubashi kuma bawan gida,

Ubangidanka da ke birnin Rum na ƙasar Italiya ya ce a ba ka labarin wani ginshiƙi, tunda kai ko kan rumbu ka hau sai jiri ya ɗebe ka.

Sunansa Ginshiƙin Trajan. An gama shi a shekara ta 113 Miladiyya, don tunawa da yaƙe-yaƙe biyu da Sarki Trajan ya ci a Dasiya, wato Romaniya ta yau. Tsayinsa ya kai mita 30, ban da gindi. Manyan gunduwoyin farin dutse aka ɗora bisa juna, aka fafe cikinsu aka fitar da matakala 185. A waje kuma masassaƙa suka zana labarin yaƙin, ya naɗe ginshiƙin sau 23 daga ƙasa har sama, da mutane sama da 2,500. Trajan shi kaɗai ya fito fiye da sau hamsin, kada wani ya manta mai biyan kuɗin aikin.

Sassaƙar ba ta da zurfi, amma sulke, gemu da igiyar takalmi duk sun fito. Inda labari ɗaya ya ƙare, sau da yawa bishiya suke tsayarwa ta raba shi da na gaba. Masu da takubba na ƙarfe aka soka a hannun sojoji da yawa. Ƙarfen ya daɗe da ɓacewa, ya bar su da dunƙulallen hannu, sai ka rantse dambe ake yi.

Abin da ya fi kama zuciyar ubangidanka shi ne faɗan bai da yawa. Sojojin nan sare itace suke, suna gina sansani, suna kafa gada, suna jigilar kaya. Sarkin so yake a ga rundunarsa a matsayin ma'aikata masu tsari. Can ƙasa, Kogin Danube ya fito a siffar dattijo mai gemu, ya ɗago daga ruwa yana kallon sojoji na tsallakawa. A tsakiya wata mace mai fukafukai, alamar nasara, tana rubutu a kan garkuwa, ita ce iyakar yaƙin farko da na biyu. Ko Decebalus, sarkin Dasiya da aka ci, masassaƙan ba su wulaƙanta shi ba: can sama ya durƙusa gindin bishiya da wuƙa a wuyansa, ya zaɓi mutuwa a kan kamu.

Gunkin Trajan da ke ƙololuwa ya ɓace tuntuni, wajen 1587 Fafaroma Sixtus na Biyar ya ɗora na Manzo Bitrus a gurbinsa.

A gaida Inna da yara. Kilishin da ka yi alkawari har yau bai iso ba, ka ji tsoron Allah ka aiko.

Wassalam,
Ubangidanka na Rum