Kafin Ka Doshi Jega da Aliero, Ɗan Saurara

Abu na farko da baƙo zai bari a gida shi ne turarensa mai tsada. In tafiyar ta faɗo tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin cirar albasa, Aliero za ta fesa maka nata kyauta tun kana bakin gari, kuma ba ya fita da wanki ɗaya. Ranar da ka koma gida uwargida ta tambayi inda ka je, ba sai ka rantse ba.

Zuwa ba wuya, don Jega mararraba ce. Na Sakkwato ya biyo ta Tambuwal, na Birnin Kebbi ta Kalgo, na kudu ya ratso Yawuri da Koko da Maiyama. Mai kuɗin jirgi ya sauka a filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, sannan ya shiga mota kamar kowa. A tasha, in ɗan kamasho ya ce saura mutum ɗaya, nemi inuwa ka sayi rake. Watannin Afrilu da Mayu kuwa zafi yakan haura digiri 40, don haka mai son sa kwat ya bari sai hunturu, lokacin da ƙura za ta mayar da ita fara.

Babban kuskuren baƙo shi ne ya zo da tunanin ya san albasa saboda ya taɓa yanka ta a kan tsire. Malam, rufe bakinka ka buɗe ido. Mutumin nan da ke zaune a kan buhu da tsohuwar hula da silifas, wanda ka ɗauka ɗan dako ne, mai yiwuwa tirelolinsa uku suna hanyar Mile 12 ta Legas ko Anaca a daidai wannan lokaci, wata kuma ta nufi Gana. Ka gaishe shi da "Alhaji" tun kafin ka tabbatar. Kada ka ce masa albasa ta yi araha. Ya fi ka sani, shi ya sa ya zuba tasa a rudu, rumfar karan da ake ajiye ta iska na ratsawa, yana jiran ƙarshen shekara lokacin da buhu zai ninka kuɗinsa. Caca ce ta halal: in danshi ya shiga, rabin kayan ya ruɓe, Alhaji ya koma cin tuwo da miyar kuka babu nama, in Allah ya tsare, sai ka ji an ce ya biya wa mata biyu kujerar Makka. Kuma kada ka raina ƙarfin waɗannan mutane. A watan Yunin 2021 ƙungiyar masu albasa ta ƙasa ta dakatar da kai kaya Kudu saboda asarar da 'ya'yanta suka yi a tarzoma, nan take tukwanen miya suka shiga taitayinsu.

Ko Baturen Holan ne ya zo, wanda ƙaramar ƙasarsa ke cikin manyan masu fitar da albasa a duniya har tana cika kasuwannin Dakar da Abijan, shawarar ɗaya ce. Ya yaba tasu tukuna. In ya fara bayanin ɗakunan ajiya masu na'urar sanyi, za a saurare shi cikin ladabi, a ba shi fura, sannan wani dattijo ya tambaye shi ko da wutar zai zo.

A kasuwar Jega ciniki ba na gaggawa ba ne. Garin ya tashi ne da kasuwa tun ƙarni na 19, bayan da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi, fatake suna yada zango a cikinsa. Abdussalami ɗin nan shi ne malamin Gimbana, garin da harin da Gobirawa suka kai masa ya zama sanadin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804. Jikokin waɗannan mutane ne kake shirin yi wa wayo a kan kwanon shinkafa. Ka taya, a ce maka albarka, ka yi kamar za ka tafi, ba wanda zai kira ka. Ɗaga murya ma ɓata lokaci ne. Duk wanda ya kalli talabijin ranar 31 ga Maris, 2015, ya ga yadda Godsday Orubebe ya yi ta kumfar baki a zauren tattara sakamakon zaɓe, Farfesa Attahiru Jega, ɗan garin nan, yana kallonsa har ya gaji ya zauna. To, mai sayar maka da tabarma ma ruwan garin nan ya sha.

In dattijo ya tare ka da "Mi kaka biɗa, yaro?", amsa masa da girmamawa, kada ka gyara masa magana, a nan Bakano ne mai baƙuwar Hausa. Bakatsine kuwa ya zo da haƙuri buhu guda, don Kabawa abokan wasansa ne, kuma ba sa yafe ko sisi. Mai unguwa "Ranka ya daɗe" ne, hakimin Jega kuma Sarkin Kabi ake ce masa, a tuɓe takalmi tun daga nesa.

Cikin gari ɗan kabu-kabu ne jagoranka. Yi ciniki kafin ka hau, ka riƙe hularka. In tsautsayi ya gitta, ka yi sa'ar wuri, don masu ɗorin Aliero sun yi sunan da har daga wasu jihohi ake kawo musu masu karaya. Ni dai ina ba da shawarar a fara ɗaukar hoton ƙashin a asibiti, amma wannan magana a faɗe ta a hankali, bayan an fita unguwar. Akwai kuma jami'ar kimiyya da fasaha da jihar Kebbi ta kafa a Aliero a 2006, zamanin mulkin Adamu Aliero. Wanda ya tambayi dalilin da aka kawo ta nan, a nuna masa sunan gwamnan.

Maiyama ce 'yar bora a wurin matafiya. Kowa ya san ta ta tagar mota. Ka tsaya ko da na sallar la'asar ne, ka sha fura da nono, ka tambayi yadda gero da shinkafa suka yi bana. Za a ba ka amsar da ta kai magariba.

Batun tsaraba a sauƙaƙe. Buhun albasa ba ya shiga jirgi ba tare da rigima ba, a mota kuma direba zai caje shi kuɗin kujera, ya ɗora shi a kan jakar kayanka. Ka sayi rabin buhu, ka ware wa surukai kashi biyu cikin uku, ka ce musu daga gonar abokinka ne. Su ma in suka tambayi sunan abokin, ce musu Alhaji.