Ranar da Injiniya Ya Kulle Kansa a Waje

A wani shagon buga takardu da ke Chikaji, inda ɗalibai ke cincirindo lokacin rajistar JAMB, akwai wata kwamfuta marar allo da ke zaune a sito. Ita ce sabar, mai riƙe da takardun kwastomomi. Mai kula da ita wani matashi ne da 'yan unguwa suka laƙaba wa Injiniya.

Ba ya shiga siton. Daga kan benci yake ba ta umarni ta SSH, hanyar da Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a Finland a 1995, bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu. Ƙofarta ita ce lamba 22, kuma duk wanda ya hau waifai ɗin shagon zai iya ƙwanƙwasa ta. Yaran maƙwabta kuwa sun daɗe da sanin lambar waifai ɗin, har wani ƙanin mai shayi ya fara gwada sa'arsa.

Sai Injiniya ya kafa doka: kada sabar ta saurari kowa sai adireshin laftof ɗinsa, 192.168.1.15. Ya yi miƙa, ya aika a sayo masa tsire.

Ita kuwa rauta, na'urar da ke raba waifai ɗin, aron adireshi take bayarwa, ba mallaka ba. Da la'asar aka ɗauke wuta, aka tada janareta, rauta ta farka ta sake rabo, ta ba laftof ɗin adireshi mai lamba 23 maimakon 15. Injiniya ya ƙwanƙwasa, sabar ta yi gum, ga layin ɗalibai har bakin titi. Sito kuma a kulle, sai ya kira mai shagon a waya.

"Ranka ya daɗe Alhaji, makullin sito fa?"

"Yana aljihuna, ina Samaru wurin walima. Lafiya dai, yarona?"

Haka ya hau acaba, ya bi ta Kwangila, ya karɓo makulli a gaban jama'a. Ya dawo ya ciro allon kwamfutar mai buga takardu, ya durƙusa cikin ƙura ya gyara dokar, sannan ya sa rauta ta keɓe wa laftof ɗinsa adireshi na dindindin.

Da ya duba wanda ya gaji lamba 15 duk tsawon yammacin nan, sai ya tarar da wayar ƙanin mai shayi.