Madalla da Tallafin Marasa Galihu

Dole a jinjina wa masu tsara tallafin talakawa a ƙasar nan, domin sun gano yadda ake taimakon matalauci ba tare da an ɗora masa wahalar riƙe kuɗi ba.

A watan Oktoban 2023 aka ƙaddamar da rabon naira 25,000 duk wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15, ga kuma bashin dala miliyan 800 na Bankin Duniya yana dafa wa shirin. Sharuɗɗan ba su taka kara sun karya ba: sunanka a rajistar talakawa ta ƙasa, lambar NIN, asusun ajiya, sai wayar da saƙo zai shigo. Ina abin wahala a nan ga tsohuwar da ta tsere daga ƙauyensu na bayan Mabai, a Ƙanƙara, da tsakar dare, jika a goye, ƙafa ba takalmi? Laifinta ne. Da ta dakata ta tattara takardunta kafin wuta ta gama cin rumbu, da tuni ta ji alat. Wayar ma ai an san darajarta a yankin, tunda a 2021 an katse sabis a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na tsawon watanni, jama'a suka huta da surutu.

Riƙon amana kuwa sai wanda ya gani. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 na marasa galihu asusun mutum guda. To, da a watsa su ƙauye su salwanta, ba gara a adana su wuri ɗaya ba?

Masu hassada za su kawo zancen ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta ce yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shidan farko na 2025. Sun manta an yi bita a otal, masu ruwa da tsaki sun karɓi alawus, an ɗauki hoto.

Abokan gasar shirin kawai su ne 'yan bindiga. Su ma ba sa tsallake gida in sun yanka wa gari harajin noma, sai dai aikinsu ba tsari: ko lambar NIN ba sa tambaya.